Abin da Hadisin Kore Adwa Ya Kore, da Abin da Ya Bari

Duk lokacin da annoba ta ɓulla a ƙasar nan, ko kwalara ce da damina, ko sanƙarau da bazara, ko mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022, ma'aikatan lafiya kan ci karo da wata magana da ke kashe musu gwiwa fiye da ƙarancin magani. A ce a ware maras lafiya daga sauran yara, sai wani dattijo ko matashin ɗalibi ya amsa da cewa ai Manzon Allah (SAW) ya faɗa, ba a ɗaukar cuta. Mai wannan magana ba ƙirƙira ya yi ba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, ta hanyar Abu Huraira da Anas bn Malik da wasu sahabbai, kuma babu malamin da ke shakkar ingancinsa. A 2020, lokacin korona, an ji shi a masallatai da majalisu da saƙonnin WhatsApp fiye da kowane lokaci. Abin da nake ganin ya jawo ruɗanin shi ne yadda aka juya kalma ɗaya ta cikin hadisin zuwa Hausa, wato adwa. Duk wanda ya bi asalin kalmar nan, ya kuma duba yadda sahabbai suka yi aiki da ita, ba zai iya kafa hujja da ita don hana killace mai cuta ba.

Adwa Larabci ce, daga tushe mai haruffa uku: ainun, dalun, wawun. Ma'anar da tushen yake ɗauke da ita ita ce tsallake iyaka, barin inda kake ka auka inda wani yake. Bahaushe ya daɗe da aro daga wannan gida ba tare da ya lura ba. Daga nan adawa ta fito, daga nan ta'adi da ta'addanci suka fito, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta nahawu ya san fi'ili lazimi da fi'ili muta'addi, wato aikatau da ke tsayawa kan mai aiki da wanda ke ƙetarawa ya faɗa kan wani. Saboda haka idan Balaraben jahiliyya ya ce adwa, hoton da ke ransa shi ne na cuta mai kai hari, wadda ke tashi daga jiki ta far wa wani jiki da ikon kanta da halinta, yadda mahari ke far wa zango. A wurinsa cutar ce mai aikin, babu wani Mai hukunci a samanta. Wannan aƙida ce kafin ta zama bayanin likitanci, kuma a matsayinta na aƙida Musulunci ya tunkare ta.

Abokan tafiyar kalmar a cikin hadisin su ne babbar shaida. Ba a jera adwa da sunayen cututtuka ko magunguna ba. An jera ta da camfin tashin tsuntsu, inda mutum ke fasa tafiya don tsuntsu ya yi hagu. An jera ta da hama, mujiyar da suke cewa tana fita daga wanda aka kashe tana kuka har sai an ɗaukar masa fansa. An jera ta da safar, wanda malamai suka fassara da shu'umcin watan Safar ko kuma wata macijiya da suke zaton tana zaune cikin ciki. A wata ruwaya ta Muslim an ƙara da nau'u, wato jingina saukar ruwan sama ga faɗuwar wani tauraro da fitowar wani. Wannan na ƙarshen ya isa ya warware zancen. Ruwa yana sauka a lokacin da taurarin suka bayyana, kuma manomanmu har gobe suna lissafin taurarin damina don su san lokacin shuka, babu malamin da ya ce sun yi saɓo. Abin da aka hana shi ne mutum ya ƙudurce cewa tauraron ne ya saukar da ruwan. Ba a taɓa jin wanda ya ce tunda an kore nau'u, to babu damina ba. Yadda aka fahimci korewar a nan, haka ya wajaba a fahimce ta a kan adwa, domin jumla ɗaya ce, harafin korewa ɗaya ne.

A wurin da aka faɗi hadisin ma an yi tambayar da muke yi yau. Wani Balaraben ƙauye, makiyayi, ya ce to yaya raƙumansa suke cikin rairayi lafiya lau kamar bareyi, sai raƙumi mai ƙazuwa ya shiga cikinsu, duk su kamu? Amsar da Annabi (SAW) ya ba shi tambaya ce: wa ya sa wa na farkon? Ya kamata a tsaya a kan wannan amsa da kyau. Ba a ce wa makiyayin idonsa ya yi masa gizo ba, ba a ce raƙuman ba su kamu ba. An bar masa abin da ya gani, aka gyara masa abin da ya gina a kai, aka mayar da shi ga Wanda ya fara halittar cutar a jikin da babu wanda ya shafa masa. Yau mun san ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya iya gani sosai, yana haƙa cikin fata yana ƙwai, yana bin gogayyar jiki da shimfiɗa. Sanin wannan bai taɓa tambayar da aka yi wa makiyayin ba ko kaɗan, domin ƙwaron ma halitta ne, bai yi kansa ba.

Sai kuma sauran hadisan, waɗanda masu kafa hujja da na farkon ba su cika kawowa ba. Abu Huraira ɗin nan dai shi ya ruwaito hanin a kai raƙuma marasa lafiya mashaya ɗaya da masu lafiya. A Bukhari, umarnin a guje wa kuturu yadda ake gudun zaki yana manne da hadisin kore adwa, a ruwaya guda. Muslim ya kawo cewa da tawagar Saƙifa ta zo mubaya'a da wani kuturu a cikinta, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Akwai kuma hadisin ɗa'un, wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Wannan shi Abdurrahman bn Auf ya kawo wa Sayyidina Umar a Sarg, kan hanyar Sham, lokacin annobar Amwas ta shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira, wajejen 638 da 639. Umar ya riga ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi ɓangaren kwari mai ciyawa ya bar busasshe bai fita daga ƙaddara ba. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu bn Jabal da Yazidu bn Abi Sufyan, kuma masu tarihi sun ce Amru bn Asi ya umarci jama'a su watsu cikin duwatsu har ta lafa. Duk wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Ƙissar Sarg tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram. A cikinta kuma akwai labarin kuturwar da Umar ya gani tana ɗawafi ya roƙe ta ta zauna a gida kada ta cutar da mutane, ta zauna, har bayan rasuwarsa ta ƙi fitowa. Muhtasar na Halil ya lissafa kuturta cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i. Mutanen da suka ji hadisin daga bakin Annabi (SAW), da fakihan da muke bi, ba su fahimci cewa yana nufin a cakuɗa ba.

Za a ce, kuma da gaskiya, ai ba duk malamai ne suka tafi a kan haka ba. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, da Nawawi bayansa, sun haɗa hadisan da cewa cuta ba ta ƙetarawa da halinta, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kuma sababi yakan ci, yakan kuma ƙi ci. Nawawi ya jingina wannan ga mafi yawan malamai. Amma Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda ya yi wa Bukhari sharhin da babu kamarsa, ya zaɓi wata hanya. A wurinsa korewar tana nan a kan faɗinta, babu cutar da ke tsallakawa sam, kuma an ce a nisanci kuturu ne don toshe ƙofa: kada mutum ya cuɗanya, Allah Ya ƙaddara masa ciwon daga farko, ya zaci ɗauka ya yi, imaninsa ya taɓu. Ba zan raina wannan ra'ayi ba, kuma bai kamata kowa ya raina shi ba. Mutumin da ya faɗe shi ya binne 'ya'yansa mata a annobar ɗa'un a Alƙahira, ya kuma rubuta littafi sukutum a kanta. Sai dai a lura da inda maganarsa ta ƙare. Ko a wurinsa, umarnin nisanta yana nan daram, hanin shiga garin annoba yana nan. Saɓaninsa da Nawawi a kan dalilin umarnin ne. Wanda ya ce shi mabiyin Ibn Hajar ne, sannan ya kwantar da yaro mai mashaƙo a tabarma ɗaya da ƙannensa, ya ɗauki rabin maganar malamin ya watsar da rabi.

Kuma akwai dalilin da ya sa idon Ibn Hajar ya nuna masa abin da ya nuna masa. Ya ga gidajen da annoba ta shiga ta ɗauki wasu ta bar masu jinyarsu, ya ga waɗanda suka ƙaurace wa kowa amma ba su tsira ba. Kusan ƙarni guda kafinsa, bayan babbar annobar 1348 da 1349, wazirin Garnaɗa a Andalus, Lisanuddin Ibnul Khaɗib, ya rubuta akasin haka, shi ma da abin da ya gani: cutar tana bin tufafi da kwanuka, tana sauka garin bakin teku da isowar jirgi daga ƙasar da ta kamu, fursunonin da ke kulle a Ishbiliya sun tsira alhali garin na mutuwa. Ya ce idan zahirin nassi ya ci karo da abin da ido da gwaji suka tabbatar, to fassarar nassin ce ke buƙatar a sake dubawa. Ba a gane yadda duka biyun suka faɗi gaskiya ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. A 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar ɗa'un a Hong Kong, a 1898 Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera ta kai wa mutum. Nau'in da ke fitar da kaluluwa a hammata da matsematsi, wanda shi ya fi yawa, ba kasafai yake tsallakawa kai tsaye daga majinyaci zuwa mai jinya ba, shi ya sa Ibn Hajar ya ga masu jinya sun kuɓuta. Ƙuma kuwa tana ɓuya cikin tufafi da kaya, ɓera yana bin jirgi, nau'in da ya kama huhu kuma yana bin tari, shi ya sa Ibnul Khaɗib ya ga abin da ya gani. Hujjar Ibn Hajar ta ido hujja ce ta zamanin da ba a san ƙuma na da hannu ba, kuma ba na jin malamin da ya ƙare rayuwarsa yana tace ruwayoyi zai so a riƙe ta bayan an gano abin da ya ɓoyu gare shi.

Kada kuma a ɗauka wannan gardama ce tsakanin Musulmi masu riƙo da nassi da Turawa masu ilimi. Su ma kalmarsu ta ɗaure su shekaru aru-aru. Kalmar Latin da harsunan Turai suka gada, contagio, daga taɓawa ta samo asali. Birnin Ragusa ya fara tsare matafiya kwana 30 tun 1377, daga baya Banis ta mai da shi 40, kuma likitan Italiya Girolamo Fracastoro ya yi rubutu kan 'ya'yan cuta masu yaɗuwa a 1546. Duk da haka, da kwalara ta shiga Turai a shekarun 1830, manyan likitoci da yawa sun dage cewa ba a ɗaukarta, hujjarsu kuwa ita ce masu jinya suna taɓa majinyata ba sa kamuwa. Suka ɗora laifin kan gurɓatacciyar iska. Sai a 1854 John Snow ya bi sawun mace-mace a wata unguwar Landan har ya kai su ga famfo guda. Wanda ya taƙaita ɗaukar cuta ga taɓawa ba zai ga ruwan sha ba, ba zai ga ƙuma ba, ba zai ga numfashi ba.

Wannan ita ce amsar hujjar da ta fi kowace yawo a bakin mutane: wance ta yi jinyar mijinta wata da watanni, ga ta nan garau. Gaskiya ne, kuma ilimin likitanci bai taɓa cewa duk wanda ya kusanci maras lafiya sai ya kwanta ba. Kowace cuta da hanyarta da ƙarfinta. Kuturta, wadda muka fi tsoro, tana cikin masu wuyar ɗauka, domin kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu yana kare kansa daga gare ta, kuma wanda ya fara shan magani yakan daina yaɗa ta. Ƙyanda kuwa, cikin mutum goma da ba su da rigakafi da suka zauna da mai ita, kusan tara za su kamu. Kwalara ruwa da abinci take bi, kuma a 2021 kaɗai an lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Nijeriya, sama da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Cutar shan inna tana shanye ƙafar kusan yaro ɗaya ne cikin 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, sauran suna yawo da ita suna bazawa ba tare da kowa ya sani ba. Wannan shi ne ainihin abin da Ibnus Salah ya kira sababin da yakan ci yakan ƙi. Tsirar mutum ɗaya tana nuna cewa sababi ba shi da ikon kansa, wanda shi ne abin da hadisin ya zo ya koyar. Ba ta nuna cewa babu sababin.

Harshenmu ma yana da nasa abin dubawa. Idan Bahaushiya ta ce wa 'yarta kada ki sha a kofin nan, ciwon ana ɗauka, ba ta ba ciwon wani iko ba, labarin abin da aka saba gani take bayarwa, kuma da za ka tambaye ta wa ke sa ciwo wa ke yaye shi, amsarta ɗaya ce. Saboda haka fassara adwa da ɗaukar cuta, haka kawai ba tare da bayani ba, tana sa hadisin ya kore abin da Bahaushe bai taɓa yin shirka da shi ba. Inda aƙidar jahiliyya take a ɓoye cikin maganarmu wani wuri ne dabam. Sunan shan inna kansa yana cewa Inna ce, aljanar bori, ta shanye ƙafar yaron, kuma har yau akwai gidajen da ake fara kai irin wannan yaro wurin masu girka kafin asibiti. Akwai masu cewa sanƙarau iska ce. Wannan jingina cuta ga wani mai iko da ba Allah ba shi ne ɗan'uwan mujiya da tauraron da hadisin ya rushe. Abin baƙin ciki ne a ga hadisin da ya kamata a yaƙi wannan da shi an juya shi kan mai allurar rigakafi.

Saura hujja guda, wadda ita ce mafi nauyi, kuma ba ta malamai ba ce. Mutane da yawa da ke fakewa da hadisin ba nahawu ne ya dame su ba. Tsoro suke kada a ɗauke musu ɗa a kai inda ba za su gan shi ba, kada a hana su wanke mamacinsu, kada unguwa ta ƙaurace musu, kada a kulle mai neman na yau da yau a gida babu ko ƙwayar hatsi, kamar yadda da yawa suka ɗanɗana a kullen 2020. Suna kuma da dalilin rashin yarda. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Rashin yarda da kamfani ko hukuma abu ne da za a iya faɗarsa da sunansa, a nemi a gyara, a nemi shaida. Idan aka sa masa rigar hadisi, an rufe ƙofar gyaran, domin babu jami'in lafiyar da zai yi jayayya da maganar Annabi (SAW), kuma an jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba.

Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta sa killacewa ta zama abin da talaka zai iya ɗauka. Kuturun Saƙifa ba a kore shi hannu rabbana ba, an karɓi mubaya'arsa, an aika masa da saƙo, an kiyaye masa mutuncinsa. Gidan da aka ce su zauna kwana goma, a kai musu abinci. Uwar da aka kwantar da ɗanta a cibiyar masu mashaƙo, a ba ta maganin kariya da takunkumi a bar ta kusa da shi. Mamacin da wankansa ke da haɗari, a zauna da limamin unguwa a fitar da yadda za a yi masa sutura da salla bisa abin da fiƙihu ya yarda da shi a halin larura, kamar yadda aka koma yi a Gini da Saliyo da Laberiya bayan an gane cewa jana'iza na cikin manyan hanyoyin yaɗuwar Ebola. Malamai kuma, musamman masu tafsiri da masu huɗuba da masu fassara littattafan hadisi zuwa Hausa, su daina karanta rabin ruwayar Bukhari su tsaya. Wanda ya karanta wa jama'a korewar adwa, ya ci gaba har zuwa umarnin nisantar kuturu da ke ƙarshen ruwayar, ya kuma fassara kalmar da cikakkiyar ma'anarta: cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta.